'Yata ta samu gurbi a KASU, ina zan nemi tallafin karatu?

Wani magidanci, tela a Rigasa, ya aiko da tambaya. 'Yarsa ta samu gurbin karatu a Jami'ar Jihar Kaduna, wato KASU, kuma ba shi da kuɗin rajista. Wani yaro mai shagon kafe ya ce ya kawo naira 20,000 ya saka sunanta cikin jerin masu sikolashif. Maƙwabcinsa ya ce bashin karatun da gwamnati ke bayarwa riba ce, abokinsa kuma ya ce kyauta ce, babu wanda zai biya. Yana so ya san wanne zai kama.

Malam, ina taya ka murna, Allah ya sanya albarka a karatun yarinyar nan, ya sa ta gama lafiya. Na yi shekaru ina aiki a ofishin kula da harkokin ɗalibai na wata babbar makaranta a jihar nan. Iyayen da suka zauna a bencin ƙofar ofishina riƙe da takardar shiga makaranta a cikin leda, suna jujjuya ta, ba zan iya ƙirga su ba. Don haka zan yi maka magana yadda zan yi wa yayana.

Mu fara sallamar mai kafe. Kada ka ba shi ko sisi. Babu wani jerin suna da yake hannunsa. Neman bashin karatu na gwamnatin tarayya kyauta ne, kuma sanarwar kowane tallafi na gaskiya tana fitowa a fili a shafin hukumar da ke bayarwa. Idan za ka biya shi kuɗin amfani da kwamfuta da ɗaukar hoton takardu, wannan haƙƙinsa ne, ɗari biyar ko dubu ɗaya. Amma duk wanda ya ce yana da mutum a ciki, ka kawo kuɗi, to kuɗin naka ne kawai yake da mutum a ciki. Naira 20,000 ɗin nan ɗinki nawa ce a wurinka? Ka riƙe ta, za ka buƙace ta a gaba, zan gaya maka inda.

Abin da ke rikita iyaye shi ne ana tara abubuwa uku a kira su da suna ɗaya. Akwai kyauta, wato sikolashif, wadda ba a mayarwa. Akwai bashi, wanda ake mayarwa. Akwai kuma rangwame, inda gwamnati ke rage kuɗin makarantar ga kowa. Na ukun kun riga kun same shi ba tare da cike takarda ba: a watan Agusta na 2023 Gwamna Uba Sani ya rage kuɗin makarantun jiha, na KASU ya sauko daga naira 150,000 zuwa 105,000, na Kwalejin Fasaha ta Nuhu Bamalli da ke Zariya daga 100,000 zuwa 50,000. Kuɗin ya kan bambanta daga fanni zuwa fanni, saboda haka adadin da ke kan takardar biyan kuɗinta shi ne abin riƙo. Saura biyu, kuma wanda ya fi kusa da hannun ɗalibar da ke shirin shiga aji ɗaya shi ne bashin.

Asusun da ke bayar da shi ana kiransa NELFUND. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar farko a watan Yuni na 2023, amma waccan dokar ta zo da sharuɗɗan da suka toshe wa talaka hanya: sai ka kawo mutum biyu masu tsaya maka, sai kuma ka nuna abin da gidanku ke samu a shekara bai kai naira 500,000 ba. Aka soke ta, aka yi sabuwa a watan Afrilu na 2024, aka cire maganar masu tsayawa da ta samun iyaye, aka buɗe shafin nema a watan Mayu na shekarar. Na faɗi wannan tarihin ne domin har yau ina haɗuwa da iyayen da suka haƙura saboda sun ji cewa sai da babban ma'aikacin gwamnati ko lauya ya tsaya wa yaro. Wannan tsohon labari ne. Yarinyarka ita za ta nema da sunanta, babu wanda zai nemi takardar gida ko ta fili. Sharaɗin shi ne ta kasance 'yar Nijeriya mai gurbi a makarantar gwamnati, ta tarayya ko ta jiha. Jami'o'in kuɗi ba sa ciki.

Bashin kashi biyu ne. Na farko kuɗin makaranta, kuma wannan ba ya ratsa hannunka ko nata, daga asusun yake wucewa kai tsaye zuwa makaranta. Na biyu kuɗin kashewa, naira 20,000 a wata, wanda ke shiga asusun bankin ɗaliba. Tana iya neman na farko kaɗai, tana iya neman duka biyun.

Yanzu maganar maƙwabcinka. Tsoron riba tsoro ne mai kyau, ban raina shi ba. Riba ita ce ƙarin da ake ɗora wa bashi, ka karɓi goma ka mayar da sha biyu. Wannan bashin babu kuɗin ruwa a kansa: abin da aka biya mata shi za ta mayar, ko bayan shekara nawa ne. Idan zuciyarka ba ta natsu ba, ka sa a buga maka sharuɗɗan a takarda, ka kai wa malamin da ka amince da shi ya karanta da idonsa, kada a yi masa fatawar a kan jita-jita.

Maganar abokinka ce ta fi damuna, domin ita ce ta fi yaɗuwa a tsakanin ɗalibai. Na sha jin yara suna cewa rabonmu ne na arzikin ƙasa, wa zai biya? Malam, bashi ne. An rubuta shi da lambar NIN ɗinta da ta BVN, kuma a wurin nema za ta amince da sharaɗin da ke ba da damar cire kuɗin daga asusun bankinta idan lokacin biya ya yi ta ƙi. Biyan yana farawa shekara biyu bayan ta gama yi wa ƙasa hidima. Idan tana aikin albashi, wurin aikin zai riƙa cire kashi 10 cikin 100 duk wata. Idan sana'arta take yi, ita za ta riƙa biyan kashi 10 na abin da take samu. Wanda lokaci ya yi bai samu aiki ba, doka ta ba shi damar yin rantsuwa a rubuce ya nemi a ɗaga masa, wanda kuma ya yi ƙarya a wannan rantsuwar hukuncinsa ɗaurin shekara uku ne. Idan mutum ya rasu, ana yafewa. Kai da ka san cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ba sai na gaya maka nauyin abin ba. Mutumin da ya karɓa da niyyar ba zai biya ba ya riga ya ɓata abin tun daga niyya, ya kuma tauye ƙannensa da ke tafe, domin abin da aka mayar yana cikin abin da za a ba na baya.

Bari mu yi lissafi tare, irin wanda kake yi kafin ka sa almakashi a yadi. Mu ɗauka kuɗin makarantarta 105,000 ne a shekara, karatun shekara huɗu ne. Ya kama 420,000. Mu ɗauka kuma ta karɓi kuɗin kashewa na wata goma a kowace shekara, 200,000 ke nan, a shekara huɗu 800,000. Ka ga abin da mutane ba sa lura da shi: ƙaramin kuɗin nan da ke shigowa waya duk wata ya kusa ninka kuɗin makarantar sau biyu. Jimla 1,220,000. Idan ta samu aikin 100,000 a wata, ana cire 10,000, za ta yi wata 122 tana biya, shekara goma da ɗoriya. Idan kuwa kuɗin makaranta kaɗai ta karɓa, wata 42 ne, shekara uku da rabi ta fita.

Shawarata a nan ba ta da kwana-kwana. Kuɗin makaranta, ta nema, kada ku yi jinkiri. Bashin da ba shi da ruwa, wanda ba za a taɓa shi ba sai bayan shekaru bakwai ko fiye, a ƙasar da kuɗi ke rage daraja kowace shekara, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan sayar da keken ɗinki ko cin bashin ɗan kasuwa. Na ga uban da ya sayar da abin sana'arsa ya biya shekara ɗaya, shekara ta biyu babu kuɗin makaranta, babu sana'ar. Kuɗin kashewa kuwa, ku zauna ku auna. Yarinyar da za ta riƙa kwana a gida tana zuwa makaranta, abin da za ta fi buƙata kuɗin mota ne daga Rigasa zuwa cikin gari, da na buga takardu, da na data. Idan za ka iya ɗaukar wannan, ko da taimakon 'yan'uwa, ta bar shi. Idan ka san rashinsa zai sa ta riƙa fashin aji ko zama da yunwa a makaranta, ta karɓa, don dominsa aka yi shi. Ana sabunta nema kowace shekarar karatu, saboda haka za ta iya karɓa bana, baɗi idan Allah ya buɗa ta bari.

Akwai wata magana da ba ka tambaya ba, amma na san tana ranka, domin duk uban 'ya mace yana zuwa kanta. Idan ta yi aure fa, ba ta yi aiki ba? Bashin yana nan da sunanta. Ba ya komawa kanka, ba ya komawa kan mijinta. Hanyar neman ɗagawa a buɗe take gare ta kamar kowa, amma ɗagawa ba yafewa ba ce. Shi ya sa nake roƙonka, kada a cike mata a bayan idonta. Ka zaunar da ita, kai da mahaifiyarta, ku nuna mata lissafin nan, ta ji, ta amince da bakinta. Ranar da maganar aure ta taso kuma, a gaya wa mai nema tun farko. Yarinyar da ta san karatunta bashi ne a wuyanta, na lura, ba ta wasa da aji.

To, yaya ake nema? A shafin NELFUND na intanet ake yi, ko da waya. Za a nemi lambar JAMB ɗinta, da NIN, da BVN, da asusun banki mai sunanta, da takardar shiga makaranta, da lambar ɗalibi idan an ba ta. Amma kafin shafin ya gane ta, sai makaranta ta ɗora bayanan ɗalibanta a can. Idan ta shiga aka ce ba a ga sunanta ba, kada ta yi ta kashe kuɗi a kafe tana maimaitawa. Ta je ofishin harkokin ɗalibai ko sashen kwamfuta na jami'ar ta tambaya ko an ɗora 'yan aji ɗaya. Ta kuma tabbatar gurbin nata ya fito a shafin CAPS na JAMB kuma ta danna ta karɓa, domin gurbin da JAMB ba ta san da shi ba yana jawo matsala tun daga nan har zuwa ranar tafiya hidimar ƙasa.

A nan ne zan daɗe, domin a nan yaranmu suka fi faɗuwa. Ba rashin hanya ke kayar da su ba, suna ne. Na tuna wani yaro da ya zo mini da takardu uku, na jera su a kan tebur. A katin ɗan ƙasa sunan mahaifinsa Muhammad. A takardar JAMB an rubuta shi da wani salon rubutu, da o da e. A banki kuma an taƙaita shi, aka ƙara sunan garinsu a ƙarshe, kamar yadda muka saba. Shekarar haihuwa ma biyu ce, domin wanda ya cike masa fom a sakandare ya rage masa shekara ɗaya da niyyar taimako. Ni da nake kallonsa na san mutum ɗaya ne. Kwamfuta kuwa mutum uku take gani, kuma ba ta jin roƙo. Yaron nan sai da ya yi kusan zango guda yana yawo tsakanin kotu da banki da ofishin katin ɗan ƙasa, ya zo ya gama an rufe nema. Ranar da ya dawo ya gaya mini, hawaye ne a idonsa, ni ma ban iya cin abinci ba.

Don haka yau da dare, bayan ka rufe shago, ka sa ta fito da takardar NIN, da ta JAMB, da sakamakon WAEC ko NECO, da abin da banki ya rubuta. Ku jera su, ku bi harafi bayan harafi: sunanta, sunanka, yadda aka jera su, da ranar haihuwa. A'isha da Aishatu a wurinmu ɗaya ne, a wurin na'ura biyu ne. Idan akwai saɓani, ku fara gyara tun gobe. Wanda ya fi sauƙin gyara yawanci na banki ne. Gyaran NIN da na JAMB kowanne yana da kuɗinsa, wani lokaci har da takardar rantsuwa daga kotu. Ga inda naira 20,000 ɗin nan za ta yi maka amfani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na biyu da ke cutar da yara shi ne imel da lambar waya. Mai kafe, don ya yi sauri, sai ya buɗe wa yaro da imel ɗinsa shi mai kafen, ko ya ƙirƙiro wani ya manta kalmar sirrin. Bayan wata uku a turo saƙo, babu mai gani. Imel ɗin ya zama nata, layin wayar ya zama wanda aka yi rajista da NIN ɗinta kuma yake hannunta kullum, ta rubuta kalmar sirri a littafi ta ajiye a gida. Asusun banki ma nata, ba na mahaifiyarta ko na yayanta ba. Kuma duk wanda ya kira ta a waya ya ce daga asusun yake, ta karanto masa lambar da aka turo mata, ta kashe wayar.

Sai maganar lokaci, wadda dole in faɗa maka ita ƙarara don kada ka sake jiki. Kuɗin NELFUND ba ya fitowa ranar da aka nema. Sai an tantance, makaranta ta tabbatar, sannan a biya, kuma ranar rufe rajista ba lallai ta jira ba. Ga kuma ƙananan kuɗaɗen farko, na karɓar gurbi, na gwajin asibiti, na hotuna da fayil, waɗanda daga aljihunka za su fito. Ta fara tambaya a makaranta ko ana ɗaga wa waɗanda suka nemi bashin ƙafa. Idan ba a yi, to ku nemo na shekarar farko ta kowace halastacciyar hanya, kwasar adashi, gudummawar baffanni da kawunnai, kada gurbin ya kuɓuce. Idan daga baya asusun ya biya mata alhali kun riga kun biya, haƙƙinta ne makaranta ta mayar mata da kuɗin, tunda an rubuta mata bashin. An yi ƙorafi a kan wannan a wurare da dama a ƙasar nan, kuma ɗalibin da ke da rasit a hannu shi ke karɓar nasa. Kowane rasit a yi masa kwafi biyu, a ɗauki hotonsa a waya, a ajiye na asali a gida.

Mu koma kan kyauta, tunda ita kowa ya fi so. Jiharmu tana da Hukumar Tallafin Karatu da Lamuni, wadda ke buɗe nema lokaci zuwa lokaci, akwai na masu ƙoƙari, akwai na masu buƙata. Ta riƙa bibiyar sanarwarsu, ta kuma tanadi takardar shaidar ƙaramar hukuma da katin mazauna jiha tun yanzu. Rigasa a ƙarƙashin Igabi take, amma takardar asali daga ƙaramar hukumar da kuka fito ake karɓarta, kuma ranar da aka buɗe nema layin sakatariya ba ya biyuwa. Gwamnatin tarayya ma tana da hukumar sikolashif a ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi, sai dai tata ta masu digirin farko daga aji biyu take farawa, kuma ana neman makin CGPA, wato matsakaicin makin duk jarrabawowin da ɗalibi ya yi a jami'a, 4.0 cikin 5.0, ga jarrabawa a kwamfuta. Kamfanoni ma suna bayarwa: gidauniyar MTN ga ɗaliban kimiyya da fasaha da kuma ɗalibai makafi, kamfanin gas na NLNG, da haɗin gwiwar NNPC da kamfanonin mai. PTDF, hukumar gwamnati mai bunƙasa fasahar man fetur, wadda take da kwaleji a nan Kaduna, tana ɗaukar nauyin masu karatun da ya shafi man fetur da makamashi. TETFund kuwa, hukumar tallafa wa manyan makarantun gwamnati da za ka ji ana yawan ambata, gine-gine take yi da horar da malamai, ba ta biya wa ɗalibin digirin farko kuɗin makaranta, kada wani ya ruɗe ka da sunanta.

Ka lura da abin da ya haɗa yawancin waɗannan: suna jiran sakamako. Kusan dukkansu ɗalibin da ya riga ya shiga suke nema, su ga abin da ya yi. Ma'ana, takardar neman sikolashif ɗin 'yarka a zangon farko na aji ɗaya ake rubuta ta, a cikin aji, tun kafin a buɗe kowane shafi. Abin da ke ba ni takaici shi ne a daidai wannan zangon yaranmu suka fi sakaci. Ana yawon rajista, an makara da fara shiga aji, ana sabawa da sabon wuri, sai sakamako ya fito da maki ƙasa, a yi shekara uku ana jan sa sama bai hau ba. Kuma yaran Arewa da yawa ba sa ma nema. Na sha liƙa sanarwa a allo ta yi mako uku, in kira masu maki mai kyau ɗaya bayan ɗaya, su ce mini ai wannan sai mai hanya. Waɗanda na matsa wa suka nema, wasunsu sun samu, kuma babu wanda suka sani. Idan ta samu ɗaya, ta karanta sharuɗɗansa da kyau, domin da yawa ba sa yarda mutum ya haɗa kyauta biyu, kuma ana janyewa idan maki ya faɗi. Shekarar da kyauta ta ishe ta, ba sai ta sabunta bashin ba.

Kada kuma ka ji nauyin ƙofofin kusa. Kwamitin zakka na masallaci, ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarta, ƙungiyarku ta teloli, ofishin ɗan majalisar mazaɓarku, duk akan dace. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Sai dai ka je da takarda a hannu: kwafin takardar shiga jami'a, da takardar da ke nuna adadin kuɗin da ranar rufewa, ka ce a biya kai tsaye a kawo maka rasit idan an fi son haka. Mai taimako ya fi sakin hannu idan ya ga adadi da rana. Alkawarin ɗan siyasa kuma, ka yi godiya, ka ci gaba da neman wata hanyar har sai ka ga rasit.

A wannan makon, abu uku ne a gabanku. Daren yau ku jera takardu ku duba suna. Gobe ta buɗe imel da asusun banki idan ba ta da su. Jibi ku je jami'ar tare, ku tambayi ranar rufe rajista, ko an ɗora sunayen sababbin ɗalibai a shafin asusun, da abin da ake yi wa wanda ya nema kuɗinsa bai iso ba. Ka bar ta ita ta yi tambayar kana tsaye a gefenta, domin shekara huɗu masu zuwa ita za ta riƙa shiga waɗannan ofisoshin. Allah ya hore maka, ya buɗa kasuwa.